Sunan da Ni Kaɗai Na Gani

Na daɗe ban sayi nono a hannun mai talla ba. In na hango ƙwarya a kan wata tana tahowa ta gefen titi, sai in sami abin dubawa a cikin jakata har ta wuce. Mijina yana cewa ƙyanƙyami ne irin na 'yan boko. Na bar shi a haka, don gara a ce mini mai ƙyanƙyami da in zauna ina ba da wannan labarin a kan tabarmar cin abinci.

Ina budurwa lokacin, ban daɗe da gama difloma ba, na sami aiki a wani shagon kwamfuta a nan Keffi, a bakin hanyar da ta miƙe zuwa Abuja. Aikin shagon shi ne buga wa ɗalibai takardu, da yin kwafi, da sayar wa mutane awa ɗaya ko biyu su shiga intanet. Mai shagon tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya baro Abuja kafin Abuja ta koro shi. Oga muke ce masa, kuma yana son a ce masa hakan. Mutum ne mai sa kwat a tsakiyar zafin bazara. Bai iya kunna firinta ba, amma in ya fara bayani a kan kwamfuta sai ka rantse shi ya ƙera ta. Ranar da ya gane na koyi haɗa shafin intanet, a wurin wani malaminmu da kuma wani littafi marar bango, washegari ya kira mai fenti aka ƙara layi ɗaya a allon shago, wai muna haɗa shafin intanet. Ko tambayata bai yi ba ko na ƙware.

Shekarun nan ne Abuja ta fara tumbatsa tana zubowa ta kanmu. Ma'aikatan da haya ta fi ƙarfinsu a can suka yi ta gangarowa, Mararaba ta cika, Masaka ta cika, aka iso mu. Da asuba motoci su kwashe su, da yamma su dawo da su a galabaice. Gonar da jiya ake noma dawa a cikinta, yau sai ka ga an kafa mata duwatsun siminti a kusurwa huɗu. Kowa ya zama dillalin fili, har mai gyaran babur ɗin da ke kusa da mu. A gidanmu na unguwar Jigwada ma, hirar mahaifina da abokansa bayan la'asar ta tashi daga karatu ta koma wane ya sayar, wane ya yi nadama.

A gaban shagonmu akwai bishiyar mangwaro, kuma a ƙarƙashinta wata dattijuwa Bafulatana take sauke ƙwaryarta kullum da hantsi. Daga wata ruga take zuwa a bayan gari, tafiyar da ni ba zan iya ba ko hannu rabbana, balle da kaya a ka. Goggo nake ce mata. Ita kuma da farko 'yar kwamfuta take ce mini, daga baya ta koma ɗiyata. Ta bar wani ƙaramin ƙoƙo a wurina, ina ajiye shi a bayan firinta; in ta iso sai in fito da shi ta dama mini fura, in na shanye in wanke in mayar. Tana yi mini tsiya cewa yatsuna sun fi na kowa gudu amma ba su iya dama komai ba, ni kuma in ce mata ranar da ta iya rubuta sunanta zan iya tatsar saniya. Da haka muka saba, har na san labarin gidanta. Ƙasar da rugarsu take a kai ba tasu ba ce. Wani gida ne na cikin gari ya ba surukinta aro tun kafin a kawo ta, suka haƙa rijiya, suka zauna. Mijinta a can yake kwance a kabari, da 'ya'yanta biyu da suka rasu suna ƙanana. Babban ɗanta ne ke riƙe da shanu.

Wata rana Oga ya shigo yana washe baki, ya ce mun sami aikin da zai fitar da mu daga sahun masu kwafi. Wani kamfanin gina gidaje daga Abuja ya sayi wani makeken fili a bayan gari, kuma rugar su Goggo tana ciki. Masu gonakin sun riga sun daidaita da kamfanin. Saura waɗanda ke zaune a kan aro. Su kamfanin ya yi alkawarin zai yanka musu wuri a gefe, ta bakin rafi, ya bar musu hanyar shanu, da sharaɗin sunansu yana cikin jerin da za a fitar. Jerin kuwa a shafin intanet suke so a sa shi, don manyansu su gani daga ofis, a kuma buga daga nan a liƙa. Duk wanda bai ga sunansa ba yana da mako uku ya je ofishinsu ya yi magana. Bayan nan a sa hannu, a rufe.

Dole in ɗan yi bayanin sana'ata a nan, don wanda bai san ta ba ya gane yadda na yi abin da na yi. Shafin intanet kamar hula mai aiki yake: akwai fuskar da mutane ke gani, akwai cikin da ɗinkin yake, duk ƙulli da zare. Mu masu haɗawa a cikin muke aiki. Abin da ke karanta cikin ya fito da fuskar shi ne burauza, manhajar da kowa ke buɗe shafi da ita. Ita kuwa burauza akwai wasu alamomi da ta ɗauka nata ne. Manyansu su ne guda biyun nan da yara ke koya a darasin lissafi, masu kama da bakin tsuntsu a buɗe, ɗaya na cewa wannan ya fi wancan, ɗaya na cewa bai kai ba. Duk abin da ta tarar a tsakanin bakin nan biyu, a wurinta umarni ne ake ba ta, ba rubutun da za ta nuna wa mutane ba. In ta gane umarnin ta bi. In ba ta gane ba, sai ta haɗiye shi ta wuce, ba ta yin ƙara, ba ta ko barin gurbi. Akwai kuma alamar nan mai kamar igiya a ƙulle da ake sawa a tsakiyar sunayen kamfanoni, ita ma tata ce. Saboda haka in kana son ɗaya daga cikinsu ta fito a fuska a matsayin kanta, sai ka musanya ta da wasu 'yan haruffa da ke gaya wa burauza cewa wannan nunawa za ta yi, ba da ita ake ba. Masu sana'ar suna da sunansa da Turanci. Ni dai kare alama nake ce masa, kuma na rubuta wani ɗan mataki da duk rubutu ke bi ta cikinsa a kare masa alamominsa kafin ya hau shafi.

Jerin sunayen a cikin wani babban littafi ya zo, a hammatar magatakardan dagaci, wani tsoho mai tsafta da ya yi shekaru yana rubuta wa ƙauyen gonakinsa da shuɗin biro. Yana da tsarinsa. Zai rubuta sunan mai gona, in kuma akwai wanda ke zaune a kanta aro, sai ya rubuta nasa a gaba, ya sa shi tsakanin bakin tsuntsun nan guda biyu. Na tambaye shi, Baba, me ya sa ba ka sa baka irin ta kowa ba? Ya gyara tabarau ya ce, "Shinge ne na yi musu, 'yata. Don a san suna ciki, amma ba tasu ba ce." Na yi dariya, ya burge ni. Malamar da ta koya mana buga takarda ta sha dukan hannunmu da rula a kan abu ɗaya, cewa mai bugu ba ta gyara kuma ba ta ragewa, abin da ta gani shi take bugawa. Haka na buga littafin nan kaf, da shingensa da komai. Da na iso kan sunan gidan surukin Goggo har na tsaya na sake karantawa don jin daɗi. Na ɗora shafin, na buɗe fuskarsa, na bi layi layi. Kowa ya fito, masu gona da masu aro, kowane a cikin shingensa.

Kwana biyu da ɗorawa, da tsakar rana, an ɗauke wuta, janareto na tari don mai ya kusa ƙarewa, wayar Oga ta yi ƙara. Manajan kamfanin ne daga Abuja. Ina jin ihunsa daga inda nake zaune. Sunan kamfaninsu yana da alamar igiyar nan a tsakiya, kuma ta fito da wata jela ta haruffan banza a bayanta, a saman shafi da ƙasansa da ko'ina aka ambaci kamfanin. Laifina ne, ba na musu. Na kare ta da hannu lokacin da nake bugawa, sannan ta bi ta matakin nan aka sake kare ta, kariya ta yi yawa. Ina ta bin sunayen mutane ban lura da na kamfani ba. Gyaran gaskiya shi ne in bi duk inda sunan yake in warware na hannun, aikin awa ɗaya ko biyu.

Oga ya toshe bakin wayar da tafinsa ya ce, "Me ya jawo wannan abin kunyar?"

Na ce, "Abin kare alama ne, Oga. Ka ba ni zuwa la'asar."

"Wace la'asar? Mutumin nan manyansa na tsaye a kansa, yanzu suke son gani. In an cire abin naki zai gyaru?"

"Zai gyaru, amma wasu abubuwan za su iya ɓacewa."

"Waɗanne abubuwa?"

Wallahi a wannan lokacin, da ƙarar janareto da gumin Oga da muryar da ke fitowa daga waya, shingen Baba bai faɗo mini a rai ba. Na tsaya ina inda-inda.

Ya ce, "Kin gani? Turanci ne kawai. Abeg cire shi, gobe kya mayar."

Layi ɗaya ne. Na goge shi, na sake ɗora shafin, na duba sama. Sunan kamfani ya fito tsaf, igiyarsa a ƙulle ba jela. Oga ya koma waya yana yes sa, yes sa, har da rusunawa ga mutumin da ba ya ganinsa. Janareto ya mutu. Goben da zan mayar kuwa ta zo da ɗalibai cike da shago, lokacin miƙa aikin ƙarshen shekara ne, kowa na riƙe da takardunsa yana roƙona. Na ce jibi. Jibi na ce gata. Daga nan ma na daina cewa komai, don shafin bai yi kuka ba, kamfani bai sake kira ba.

A cikin mako na biyu Goggo ta sauke ƙwarya, ta dama mini fura, amma ba ta yi mini tsiyar yatsu ba. Ta ce ɗanta ya ji a kasuwa wasu masu aro sun je an duba musu takardar da aka liƙa a ofishin kamfani, ba a ga sunansu ba. Yana so ya bar shanu gobe ya je a duba nasu. Ita kuma ta ce masa ya dakata, tana da ɗiya a inda ake yin abin.

Abin da na ce mata shi ne ya fi komai ci mini rai har yau. Na ce, "Goggo, waɗannan ba su iya dubawa ba ne. Zo ki gani."

Ranar babu intanet, tun safe ya ɗauke. Sai na buɗe cikin shafin, wanda ke kan kwamfutata, inda na yi bugun. Na nemo layin, na juyo mata da fuskar kwamfutar, na ɗora yatsa a kai. Ga sunan mai gona, ga na gidan surukinta a gaba a cikin shingensa. Ba ta taɓa shiga shagon ba sai ranar. Ta cire takalmi a bakin ƙofa kamar za ta shiga ɗakin wani, ta sunkuya ta daɗe tana kallon abin da ba ta iya karantawa.

Ta ce, "Wannan ɗin mu ne?"

Na ce, "Ku ne. Ni na buga da hannuna, ga shi kuma kina gani da idonki. Ki ce masa kada ya wahalar da kansa, ya yi kiwonsa."

Na faɗa da cika baki, ina jin kaina. 'Yar shekara ashirin da 'yan kai, dattijuwa ta taka ta zo wurina neman tabbaci, ni kuma na ba ta. An kawo mini gargaɗi har teburina, a bakin mutumin da ya fi kowa buƙatar in saurara, na mayar da shi jahilcin wasu. Da na jira intanet ya dawo na buɗe fuskar, da na ce mata ta sake tambayata gobe, da ma kawai na ce ban sani ba. Washegari ta kawo mini man shanu a ƙunshe cikin ganye, ta ƙi karɓar komai. Na kai gida aka zuba a miya, kowa ya yaba.

Mako uku suka cika. Kamfani ya buga jerin daga fuskar shafi, ya ƙara da biro sunayen waɗanda suka je suka yi magana, dagaci ya sa hannu, aka buga hatimi. Magatakarda yana kwance ba lafiya a lokacin, ba wanda ya kai masa ya duba. Ni duk ban san wannan ba sai daga baya.

Abin da na sani shi ne wata safiya na ɗago kai na ga Goggo tsaye a bakin ƙofa, babu ƙwarya a kanta. Ban taɓa ganinta haka ba, har na so in kasa gane ta, ta yi mini ƙanƙanta. Ta ce masu awo sun zo da jan fenti sun shafa wa bukkokinsu da bakin rijiya. Ɗanta ya ce musu ai suna cikin takarda, suka buɗe suka nuna masa babu. An yanka wa sauran masu aro wuri a bakin rafi, su ba a yanka musu ba.

Har dariya na yi, Allah ya yafe mini. Na ce kuskure suka yi, bari ki gani. Ranar akwai intanet. Na buɗe fuskar shafin na gangara zuwa layin. Sunan mai gona yana nan, a gabansa kuma babu komai, layi na gaba ne kawai ya biyo kamar haka aka halicce shi. Na gangara ƙasa, na hau sama. Duk wanda Baba ya yi wa shinge ya tafi. Na buɗe cikin, ga su nan reras, ba wanda ya motsa. Ban buƙaci kowa ya yi mini bayani ba. Ita kuma tana tsaye tana jiran in juyo mata da kwamfutar kamar wancan karon.

Na ce mata ta je gida, zan gyara. Wannan ma cika baki ne, amma a lokacin na yarda da kaina. Mayar da layin da na goge da warware sunan kamfani bai ci mini awa biyu ba, awa biyun da aka hana ni, na kuma hana kaina har mako uku. Sunaye suka dawo fuska. Na shiga wurin Oga na gaya masa komai. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya rage murya ya ce, "Wa kika gaya wa?" Na ce ba kowa tukuna. Ya ce, "To kada ki kuskura. So kike ki rufe mana shago? Fulani ne fa, yau suna nan gobe suna can, tashi ba baƙon abu ba ne a wurinsu." Mutanen da suka riga shi zama a ƙasar nan yake faɗin haka a kansu, shi da ko gidan kansa bai gama ginawa ba. Na kalle shi da kwat ɗinsa, na ji na tsane shi, kuma na san rabin tsanar tawa ce nake ɗora masa.

Na karɓo littafin daga gidan magatakarda, na tafi ofishin kamfanin da ke bakin filin, wata kwantena da aka sa wa na'urar sanyaya ɗaki. Manajan ya zo ranar. Ya saurare ni da ladabi, har ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Na buɗe masa littafin, na nuna masa shingen, na yi masa bayanin yadda burauza ke haɗiye abin da ke tsakani. Ya gyaɗa kai kamar mai ganewa. Sannan ya ce, "Madam, abin da shafi ya nuna shi muka buga, shi aka sa wa hannu. Mun ba da mako uku. Wasu sun zo, mun sa su. Waɗannan me ya hana su zuwa?"

Na ce, "Ni na hana su."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce to wannan tsakanina da su ne. Bakin rafi an gama rabawa, sauran wurin an riga an zana gidaje a kai, ba shi da ikon taɓa takardar da manya suka rufe. Na je gidan masu gonar a cikin gari, suka ce su sun fita daga maganar tun da suka miƙa filin. Na je wurin dagaci, aka ce ya yi tafiya, kuma tafiyar ba ta ƙare ba duk ranar da na koma. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kore ni. Kowa ya ba ni kujera ya saurara, ya ce Allah ya kyauta.

Kafin in dawo shago manajan ya riga ya kira Oga. Ba wai don a gyara ba. Ya ga sunaye sun bayyana a shafi waɗanda babu su a takardar da aka sa wa hannu, yana so a cire su, shafi ya yi daidai da takarda. Jelar da ta fito a sunan kamfaninsu cikin minti goma aka tashi hankalin kowa a kanta. Sunan gidan mutane kuwa da ya dawo, shi ne ya zama abin da za a share. Na ce ba zan yi ba. Oga ya ce akwai masu yi. Na ɗauki jakata na fita. Kada wani ya ɗauka jarumta na yi: cikin 'yan watanni na sami aikin da ya fi wannan a Abuja, na shiga sahun masu bin motar asuba. Ni ban rasa komai ba.

Amma kafin nan, ranar da na koma kwashe 'yan kayana daga shagon, na tarar da ita zaune a gindin mangwaro, nan ma babu ƙwarya. Ashe kwana uku tana zuwa tana jirana. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar kullum, ta tambayi mutanen gida. Ta ce jibi za su tashi. Ɗanta ya sami wani da zai bar su su sauka ta wajen Panda zuwa ƙarshen damina, bayan nan kuma sai abin da Allah ya yi. Shanu za su bi daji, mata da yara a mota. Ta ce rijiyar an riga an cike ta da ƙasa. Kaburburan kuwa ta roƙi mai tuƙa katafila ya kauce musu, ya ce to, amma ita ba ta ga alamar ya san inda suke ba.

Na fara yi mata bayani, fuska da ciki, shinge da bakin tsuntsu. Ta bar ni na yi nisa, sannan ta ɗaga hannu.

"Ɗiyata, abu ɗaya zan tambaye ki. Ranar da kika nuna mini, ƙarya kika yi?"

Na ce, "A'a, Goggo. Yana nan a wurin."

"To wa yake ganinsa a wurin?"

Na ce, "Ni kaɗai."

Ta juya tana kallon motocin da ke wucewa Abuja. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, ni kuwa da ta mare ni da na fi samun sauƙi. Can ta ce, "Da kin ce mini ba ki sani ba, da yaron nan ya je. Har ya nemi wanda zai tsare masa shanu."

Na ce ta yafe mini. Ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, irin yadda ake faɗa wa wanda ya taka ka a kasuwa. Ta dafa bishiyar ta miƙe, ta gyara zani. Na zaci tafiya za ta yi, sai na ga ta tsaya tana kallon ƙofar shagon.

Ta ce, "Ɗauko mini ƙoƙona."

Na shiga na ɗauko shi a bayan firinta. Ƙura ta hau shi, don ya kwana biyu ba a dama komai a ciki ba. Na tsaya zan wanke, ta ce in bar shi, za ta wanke a can. Ta karɓa ta juya shi ta duba ko ya tsage, ta sa a hammata, ta bi gefen titi ta tafi.